Ba a Yi wa Yaran Nan Adalci a Shirin Daren Asabar Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Abin da aka yi wa yaran nan mawaƙa da suka fitar da sabon albam a shirinku na rediyo na daren Asabar bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Waƙa ɗaya tal aka sa daga albam ɗinsu, ita ma ba a bari ta kai minti guda ba mai gabatarwa ya datse ta yana ƙyalƙyala dariya, wai kiɗan bori ne aka jona wa lantarki. Haba!

Ni tela ne a kasuwar Wunti, kuma tun makon da albam ɗin ya fito na sa aka tura mini shi a waya. Gaskiya jin farko ni ma na ce mene ne wannan? Goge na kuka, jita na ba shi amsa, can ƙasa kuma ƙarar injin markaɗe suka naɗa suka mai da ita ganga. Amma a waƙa ta uku, inda mawaƙiyar ta yi tsit aka bar kalangu shi kaɗai yana magana, sai da na ɗauke ƙafa daga kan keke. Yaron shagona ya ɗauka zare ne ya tsinke. Mai gabatarwarku bai kai nan ba, na rantse bai ma saurari albam ɗin ba kafin ya shigo.

Albam ɗinsu na farko fa ke nan, wa aka haifa da haƙora? Mawaƙi Bala Miller tun shekarun 1970 ya ɗora Hausa a kan jita da kayan busa na Turawa. Kiɗan fiyanon da kuke cika mana kunne da shi safe da yamma, da ya shigo finafinan Kano a shekarun 1990 cewa aka yi ba namu ba ne, yau ga shi ba a biki sai da shi. Wanda yake so ya soki yaran nan ya soke su, ni ma waƙar ƙarshe ta yi mini tsawo, amma a bari mutane su ji tukuna. Ku sake sa ta uku daga farko har ƙarshe, ba surutu a kai.

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakowa daidai lokacin tuwon dare, a matsar da shi. Muna cin abinci da iyali ne.

Naku,
mai sauraro daga Unguwar Jahun, Bauchi.