Wasiƙa daga Maraɗi a kan tartsatsin hunturu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kwatano? Mu nan Maraɗi lafiya lau, sai dai hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, leɓe duk ya tsage.

Na yi dariya da ka rubuto cewa tun da ka koma can ba ka ƙara ganin tartsatsin nan na cikin bargo ba, wanda muna yara muke cewa aljanu ne. To ba aljanun ne suka ƙi bin ka ba, iskar bakin teku ce. Kowane abu yana ɗauke da ƴan ƙananan ƙwayoyin lantarki, elektron. In bargon nailan ya gogi jiki, sai wasu su bar ɗaya su taru a kan ɗayan. Laimar Kwatano takan zurarar da su a hankali. Busasshiyar iskarmu kuwa barin su take su yi ta taruwa, sai ka kai hannu ƙofar mota su tsallaka gaba ɗaya, ka zabura. Kafin mutum ya ji wannan tsunkulin, ƙarfin ya kai volt dubbai, amma yawan wutar kaɗan ne, shi ya sa ba ya kisa. Walƙiyar damina ma hakan take, girma ne kawai ya bambanta, kuma tun 1752 Benjamin Franklin na Amurka ya gwada haka.

Abin da ke damuna shi ne masu sayar da esansi a kwalabe a bakin hanya, har da ƙanenka. Shi kansa esansin yana ɗaukar wannan wuta in yana kwarara ta mazurarin roba, bidon roba kuma ba ya barin ta ta sauka ƙasa. Tururinsa kuwa, ko ɗan tartsatsin da ido bai gani ba ya ishe shi kamawa. Ai shi ya sa tankar mai take haɗa waya da ƙasa kafin ta fara sauke kaya. Na ce wa ƙanen naka ya riƙa ajiye bidon a ƙasa in zai cika, ba a kan babur ba, ya zuba a hankali, ya kuma taɓa ƙarfe tukuna, nesa da man. Ya ce to, amma ka san shi. Kai yake jin maganarka, ka kira shi don Allah.

Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko za ka zo Sallah. A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.