Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Ma'aikatan Bayanan Lafiya a Jihar Kebbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan'uwa mambobi, ga bayanin yadda kwamitin gudanarwa ya riƙe amanar da kuka ɗora masa a bana.

A babban taron bara matasanmu sun matsa a koya musu Python da R, harsunan kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, domin guraben aikin da suke gani a intanet yawanci mai nazarin bayanai ake nema. Kwamiti ya ji kiran, amma ya zaɓi a fara daga rajista, wato littafin da ake rubuta bayanan majinyata a asibiti, kuma mafi yawan bitocin bana a nan suka tafi. Duk alƙaluman da ke hawa DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira wadda Najeriya ke tattara bayanan asibitoci a kanta, daga hannun ma'aikaci guda suke fitowa, wanda ke cike rajista da biro ga kuma layin mata masu awon ciki a gabansa. Ƙarshen wata ya tattara jimilla a fom, a kai ƙaramar hukuma a shigar. In an yi kuskure a nan, babu manhajar da za ta gyara shi a Abuja.

Saboda haka a bitocin Birnin Kebbi, Argungu, Yauri da Zuru mun zauna da kwafin fom ɗin wata-wata, waɗanda babu sunan majinyaci a cikinsu, muna bin su layi-layi a Excel. Mun ga inda waɗanda gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro suka fi waɗanda aka yi wa gwajin yawa. Mun ga gurbin shekaru an rubuta "2" kawai, ba a san wata biyu ba ne ko shekara biyu. Wanda ya fi cin lokacinmu shi ne bambancin sifili da gurbin da aka bari fayau: sifili na nufin an duba ba a samu ba, fayau kuwa na iya nufin ba a kawo rahoto ba sam. Wanda ya ɗauke su abu ɗaya zai ce cuta ta ragu a garin da ma'aikacinsa ne ya kasa tsallake ruwa da damina.

Wannan taka-tsantsan ya fi wajaba a kanmu fiye da kowa. Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Shi ya sa Kebbi na cikin jihohi biyu, tare da Bayelsa, da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 a cikinsu a Disambar 2024. Sau huɗu ake yin ta, in yaro ya kai wata 5, 6, 7 da 15 da haihuwa. Yaron da aka yi wa ta farko a Argungu, uwarsa ta tafi ganin gida Augie aka yi masa ta biyu can, a rajistar farko zai fito kamar an daina kawo shi. Mambobinmu da ke sashen rigakafi sun koyi lissafa yawan masu yankewa tsakanin allura ta ɗaya da ta uku, da kuma tambayar katin yaro kafin su yarda da abin da lissafin ya nuna. A ganin kwamiti wannan ne aiki mafi amfani da muka yi a bana.

Bayan damina ne aka buɗe ajin R da QGIS, manhajar zana taswira, ga waɗanda suka ƙware a Excel. Ba su da yawa, amma sun kai ga zana taswirar ƙananan hukumomi 21 na jihar da alƙaluman gwaji a kanta. 'Yan yankin Yauri, Shanga da Bagudo sun fi son KoboCollect, manhajar tattara bayanai, tunda tana karɓar bayani a waya ko babu sabis, sai an samu a tura.

Mun kuma yi zama guda kan sirrin majinyaci, domin ɗaukar hoton shafin rajista a jefa a zauren WhatsApp ya zama ruwan dare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Mun amince duk wanda ya sake tura hoto mai sunaye a zaurenmu za a goge hoton, a kuma kira shi.

Game da neman aiki, an yi wa sababbin mambobi bayanin guraben da ke akwai: sashen kati da adana bayanai na asibiti, jami'in bibiya da tantance ayyuka, jami'in sa ido kan cututtuka mai aiki da SORMAS, manhajar bibiyar ɓarkewar cututtuka da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC) ke amfani da ita, da kwantiragin ƙungiyoyin agaji lokacin rabon maganin zazzaɓi na damina. Muna sake jaddada cewa takardar kwas ɗin intanet ba ta maye gurbin rajista da HRORBN, hukumar rajistar jami'an adana bayanan lafiya ta Najeriya, ga mai son aikin adana bayanai a asibiti. Wanda lasisinsa ya ƙare ya sabunta. Masu son ƙarin ilmi su riƙa bibiyar shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai horar da jama'a fasahar zamani, akwai fannin nazarin bayanai a ciki.

Matsalolinmu sanannu ne: ƙarancin kwamfuta, wuta da tsadar data. Halartar mata ta ragu duk ranar da bita ta wuce la'asar, don haka a shekara mai zuwa da hantsi za a riƙa farawa a tashi da azahar. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a babban taro, inda za a kaɗa ƙuri'a kan shawarar sayen sola da kwamfutocin aro. Masu bashin kuɗin wata-wata su daure su biya kafin ranar.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa