A Adana Aikin Hannun Uwa Kafin Rabon Gado

Malam Edita,

A Maradi, da an gama sadakar arba'in aka raba gado, aikin hannun uwa sai ya watse. Abin ya fi muni inda Bahaushiya ta auri Bature ko Balarabe, don ƴaƴan na rabe a ƙasa biyu.

Kafin rabo, a ɗauki hoton kowace hular da ta ɗinka, a rubuta shekara da wanda aka yi wa. Zanen rini kada ya shiga leda, fumfuna zai kama shi da damina. A naɗe shi da farin ƙyalle, akwatin a ɗora shi kan bulo saboda gara. Allonta da carbinta, da yardar magada, su zauna hannu ɗaya.

Dangin miji ma a naɗi muryarsu a waya, da harshensu, tun dattawan na raye.

Wassalam,
Mai karatu daga Maradi