Kafin a ɗora wa mai sayar da ƙuri'a laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina. Duk sanda zaɓe ya ƙarato, sai masu sharhi su yi caa a kan talakan da ya karɓi 'yan kuɗi a layin zaɓe. Ban ce ya kyauta ba. Amma kafin wannan bawan Allah ya dangwala yatsa, kuɗi sun gama aikinsu tuntuni, domin su suka tace sunayen da zai tarar a takardar.

A 2022, jam'iyyar APC a Najeriya ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40. A lokacin, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Na zauna na yi lissafi: mai wannan albashi sai ya tara shi kaf, bai ci ba bai sha ba, sama da shekara 270 kafin ya iya sayen fom ɗin APC. Fom kaɗai ke nan. Ba a zo kan 'yan deliget da motocin kamfe da kuɗin wakilai a rumfuna ba. A 2018 an rage shekarun tsayawa takara don a ba matasa dama, to wane matashi ne zai ƙetare wannan shinge? Dole ya nemi ubangida, shi kuwa ubangida jari yake zubawa. Idan yaronsa ya hau, a kwangila da muƙamai zai mayar da kuɗinsa har da riba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Kada a ce ciwon ƙasashe matalauta ne. A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United ya ba kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago damar kashe duk abin da suka ga dama kan tallar siyasa, muddin ba hannun ɗan takara suka damƙa ba. A zaɓen 2024, Elon Musk shi kaɗai ya kashe sama da dala miliyan 250 don Donald Trump da jam'iyyarsa, bayan rantsuwa kuma aka ba shi aikin rage kashe kuɗin gwamnati. A Indiya, sai a Fabrairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke tsarin da ke ɓoye sunayen masu ba jam'iyyu gudummawa ta banki.

Wani zai kawo mini attajirin Amurka Michael Bloomberg, wanda ya ƙona kusan dala biliyan 1 daga aljihunsa wajen neman takarar shugaban ƙasa a 2020 amma ko tikitin jam'iyya bai samu ba. Haka ne, ba kullum kuɗi ke sayen zuciyar mutane ba. Sai dai shi ya samu shiga filin aka kayar da shi. Malamin makarantar da ya fi shi sanin halin jama'a, ko sunansa ba a ji ba.

Ingila ta yi fama da sayen ƙuri'a a bainar jama'a, kuma da doka ta kashe shi: ƙuri'ar sirri a 1872, sannan a 1883 ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe, da hukunci mai tsanani. Wuyan masu biya aka kama. Dokar zaɓen Najeriya ta 2022 ma ta ce kada ɗan takarar shugaban ƙasa ya wuce naira biliyan 5, amma wa ya ƙirga?

Roƙona gare ku shi ne, duk ɗan takarar da zai zo hira, wakilinku ya tambaye shi wa ya saya masa fom, kuma me ya yi masa alƙawari. Idan ya ƙi amsawa, ku buga cewa ya ƙi.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku