Dimas bai yi sata ba, duniya kawai ya so

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah a bani ɗan fili inyi magana da 'yan uwana Kirista akan wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, duk da nasan wasu zasu ce meye nawa a ciki.

Akwai wani mutum a Littafi Mai Tsarki da ba kasafai ake wa'azi akansa ba, sunansa Dimas. Sau 3 kacal sunansa ya fito. A Filimon aya 24 manzo Bulus ya lissafa shi cikin abokan aikinsa tare da su Markus da Luka, a Kolosiyawa 4:14 yana aika gaisuwa, sai kuma 2 Timoti 4:10 inda Bulus yana ɗaure a kurkuku yana ganin ƙarshensa ya matso, ya rubuta cewa Dimas ya yashe shi ya tafi Tasalonika saboda ƙaunar wannan duniya. Shikenan fa. Ba'a ce ya saida kowa ba kamar yadda Yahuza ya karɓi azurfa 30, ba'a ce yayi ƙarya akan kuɗin fili kamar Hananiya da Safiratu ba. Shi yasa labarinsa yafi bani tsoro, don in aka kawo Yahuza kowa zai ce ai ni ba haka nake ba, amma Dimas mutumin kirki ne ma'aikacin bishara, duniya ce ta ringa jansa a hankali har ya wayi gari zuciyarsa bata wurin.

To mu duba kanmu. Lokacin bada shaida a coci me muke ji? Na samu aiki, na sayi mota, biza ta fito, an ƙara mani girma a ofis, jama'a su ɗauki tafi. Ba laifi bane a godewa Allah akan waɗannan, amma yaushe rabon da kaji wani ya tashi yace Ubangiji ya taimakeni na yafewa wanda ya cuceni, ko na maida kuɗin da ba nawa ba? Ni kaina ban tsira ba, akwai ranar da na zauna na duba abubuwan da na rubuta nake addu'a akansu, daga sama har ƙasa bani bani ne, ba ko layi ɗaya da nake roƙon ya gyara mani hali. Kunya ta kamani. Ga waya kuma, mutum zaiyi awa biyu yana kallon gidaje da suturar mutane a Facebook da TikTok yana haɗiyar miyau, addu'ar minti biyar sai hamma.

Kar a fahimceni ba daidai ba, bance talauci ne tsarki ba. Ibrahim mai arziki ne, Lidiya 'yar kasuwa ce mai saida tufafi masu tsada kuma gidanta ta buɗewa su Bulus a Filibi, Yusufu na Arimatiya da dukiyarsa ya bada sabon kabarinsa aka sa Yesu. 1 Timoti 6:10 ma son kuɗi ya kira tushen mugunta, ba kuɗin ba, kuma sau tari wanda bashi da ko sisi yafi mai shi kwana da tunanin kuɗi. Ka kwatanta mutum biyu, saurayin nan mai dukiya a Markus 10 wanda ya kiyaye dokoki tun yana yaro amma da aka taɓa dukiyarsa sai ya juya yana baƙin ciki, da Zakka mai karɓar haraji a Yariko wanda ba wanda ya tilasta masa, da bakinsa yace rabin abinda ya mallaka na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai biya shi ninki 4. Dukansu masu kuɗi ne, bambancin wa ke riƙe da wa.

Abinda ke ɓata mani rai shine wasu masu wa'azin da suka maida baiko, wato kyautar da ake bayarwa a coci, kamar jari, ka shuka kaza ka girbe kaza, har mutum ya fara ganin in bai yi kuɗi ba to bangaskiyarsa ce bata kai ba. Wannan ai Dimas ake renowa a cikin ikilisiya, ana koya masa son duniya da sunan Allah, alhali Yesu ya faɗa ƙarara a Matiyu 6:24 cewa ba'a bautawa Allah da dukiya tare.

Roƙona ga fastocinmu, ku ɗauki Lahadi ɗaya ku karanta mana 2 Timoti 4, kuma kar ku tsaya a aya 10, ku wuce zuwa 11. Nan ne Bulus yace a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi, Markus ɗin nan dai da ya taɓa barinsu a Bamfiliya ya koma Urushalima, har Bulus da Barnaba suka rabu akansa.

Nagode da fili, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karatu