Baba bai yi zaman jiran fansho ba

Malam edita, assalamu alaikum.

Na rubuto ne kan shirinku na daren Lahadi, kuma wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Baƙon da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce wai mazan jiyan da suka yi wa Faransa yaƙi da suka dawo gida ba abin da suka tsinana sai rataya lambobi a ƙirji da zaman jiran fansho, shi kuma mai gabatarwa ya yi shiru ya bar maganar ta wuce, har da 'yar dariyarshi. Ina zaune da Inna muna saurare, tsohuwa ce da idonta ya yi rauni rediyo ne abokin hirarta, sai kawai ta ce min in kashe.

Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, yana cikin mutanen da aka zaga ɗin nan. Ba shi ya kai kanshi soja ba, lokacin Nasara ana yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai bayar, aka ɗauke shi daga gona yana saurayi. Ya je yaƙin Indocin, wajen Vietnam ta yau, ya je Aljeriya, ya dawo ya shiga rundunar ƙasarmu Nijar da aka kafa a 1961 bayan samun 'yancin kai. Shi kanshi tsohon shugaban ƙasa Seyni Kountché ai ta wannan hanya ya bi, Indocin da Aljeriya, to shi ma zaman banza ya yi? Kuma fanshon da ake musu gori a kai, baƙonku bai faɗa wa jama'a cewa dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da shi, wato ta hana a ƙara shi ba, Bature da suka kwana rami ɗaya yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da Baba ke samu, ba a daidaita ba sai 2011. Baba ya riga ya kwanta dama kafin nan.

Da wannan ɗan abin zai ci da mu tara? A soja ya koyi aikin katako, da ya tuɓe kaki sai ya kafa rumfa a ƙofar gidanmu nan Tawa, zarto da guduma da kwalin ƙusa. Ni ƙarar zartonshi ke tada ni, daga sallar asuba ba ya komawa barci. Har yau in na ji ƙamshin garin katako sai ƙirjina ya yi nauyi. Ƙyaure, taga, gadon amarya, akwatin aure, bencin lakkol, ba abin da bai yi ba, kuma akwai ƙyauren da ya kafa tun ban yi wayo ba yana nan a unguwa, gara ba ta ci ba, bai karkace ba. Yana yawan ce wa yaran shagonshi ƙusar da ta lanƙwashe a miƙe ta, kar a yar, mu muna ganin kamar rowa ce, sai da muka girma muka gane mutum ne da ya ga rashi da idonshi. Makarar masallacinmu shi ya yi ta, ko dala bai karɓa ba, kuma a cikinta aka ɗauke shi.

Shekarar yunwar El Buhari, 1984, wa ke da kuɗin yin gado? Aiki ya tsaya cak. Samarin yankinmu na Adar duk sun tafi Abijan cin rani, shi ya ce ya yi yawon duniya ya ishe shi, ba zai sake barin iyalinshi ba. Ya sayar da kekenshi ya sayo hatsi, ga 'yan'uwa sun zo daga ƙauye sun cika zaure, bai kori ko ɗaya ba. Yaran da ya koya wa aiki wasu yanzu suna da shagonsu a Yamai da Ƙonni, sun yi jikoki, in mun haɗu har yau "ɗiyar maigida" suke ce min. Maganar yaƙi kuwa ba ya yin ta sam, sai dai wani dare mu ji ya zabura cikin barci yana salati, Inna ta tashi ta ba shi ruwa. Lambobinshi suna cikin wani gwangwani a ƙasan akwati, sai bayan rasuwarshi muka gan su.

Shi ya sa nake cewa ku sake shirin nan. Matansu na nan da rai, ɗiyansu na nan, ku zo Tawa da na'urarku ku tambaye mu, ba ku zauna ɗaki mai sanyi da wanda ya karanta abin a takarda ba. Kuma mai gabatarwa ya nemi gafarar iyalansu a kan iska, yadda aka yi zagin a kan iska.

Sannan don Allah lambar wayar da kuke bayarwa ta kira, sau bakwai na buga daren nan ba a ɗauka, kullum mutane uku zuwa huɗu ne dai muke jin muryarsu suna gaida abokansu, kamar su kaɗai ke da rediyo a ƙasar nan. Ku duba wannan ma.

Mai sauraronku, ɗiyar tsohon soja, daga Tawa.