Idan Yaro Ya Bugu a Ka a Makaranta, Wa Ya San Abin Yi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai albarka, mu yi magana da shugabannin makarantu, malamai da iyayen yara na Jihar Kebbi kan abin da ake yi, da wanda ya kamata a yi, idan yaro ya bugu a ka a lokacin makaranta.

An fita tara, ana buga ƙwallo. Yara biyu suka yi tsalle su sa kai, suka yi gware. Ɗaya goshinsa ya fashe, jini ya wanke masa fuska har riga. Ɗayan ya bugu a gefen kai, sama da kunne kaɗan, ya zube, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙe yana murza wurin. Kowa wurin mai jini zai ruga. A ɗora shi bisa kabu-kabu zuwa kemis, na biyun kuwa a ce masa, "Haba, kai fa namiji ne, share hawayenka ka koma aji." Sau da yawa wanda aka mayar ajin ne ya fi shiga haɗari.

Fatar kai cike take da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ɗan yanka kaɗan yake zubar da jinin da zai tayar wa kowa da hankali, alhali dannewa da ɗinki biyu ko uku sun wadatar. Gefen kai kuwa ƙashinsa siriri ne, kuma wata jijiyar jini tana manne da shi ta ciki. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba jinin wuri, don haka ƙwaƙwalwar ce za a matse. Kafin jinin ya taru, yaro yana iya magana, ya yi tafiya, har ya ci abinci, na wasu mintoci ko 'yan awoyi. Bayan nan ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci mai nauyi ya biyo baya. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, yawancin buguwar kai ƙulu ne kawai da ke sacewa cikin kwanaki. Amma idan ta faru, tiyata da wuri ce ke ceton rai, kuma yaron da aka yi wa aiki kan lokaci yakan warke sarai. Ke nan tashin yaro ya ci gaba da wasa ba shaidar lafiya ba ne.

Malamin da ya fara isa wurin, aikinsa na farko shi ne ya hana a ɗaga yaron. Wannan ne ya fi wuya, domin abokansa sun riga sun kama hannu da ƙafa. Ya durƙusa, ya kira sunansa, ya duba ko ƙirjinsa na ɗagawa. Idan yaron ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko katanga, ko saman gado mai hawa biyu a makarantar kwana, ko yana kukan wuya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun mutu, a ɗauka wuyansa ya taɓu har sai likita ya ce a'a. Mutum ɗaya ya dafe kan da tafukansa biyu a yadda ya same shi, kada ya bari ya juya. Idan ya suma amma yana numfashi, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gefe a lokaci guda, kai da wuya da gadon baya a miƙe kamar gungume, don kada amai ya shaƙe shi. Idan babu numfashi, danna ƙirji sau 30 da hura iska sau 2 ake maimaitawa, amma wannan ba a koyonsa a shafin jarida, sai an sa hannu a kan mutum-mutumin koyo.

Idan jini ne, a sa safar hannu, a ɗora gauz ko tsumma mai tsabta, a danne minti 10 cur ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Leƙen nan ne ke ɓalle daskarewar jinin a koma farko. In ya jiƙe, a ƙara wani a kai. Sai dai idan an ji wurin ya loma ciki, ko ana ganin ƙashi, ko ƙusa ko gilashi ya kafe a ciki: nan ba a dannawa, ba a kuma cirewa. A kewaye wurin da bandeji, a rufe a hankali, a tafi. Ƙulu kuma maganinsa sanyi ne. Ruwan leda mai ƙanƙara a naɗe cikin hankici, a ɗora minti 10 zuwa 20. Mai sayar da ruwa a bakin ƙofar makaranta ya riga ya ajiye muku kayan aikin.

Akwai abubuwan da aka saba yi da kyakkyawar niyya waɗanda ɓarna suke ƙarawa. Murza ƙulu da man zafi ko da gindin cokali. Zuba ƙasa, toka ko man birki a rauni, wanda ke jawo ruɓewa da cutar tetanus. Kwara wa wanda ya suma ruwa a fuska da ɗura masa a baki, alhali ba ya iya haɗiya, ruwan zai tafi cikin huhu. Cusa cokali a bakin mai jijjiga, wai kada ya ciji harshe. Haƙora ake karyawa a banza. Mai jijjiga a kawar da benci da duwatsu daga kusa da shi, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a duba agogo, in ta lafa a juya shi gefe. Addu'a kuwa a yi ta, ba wanda ya hana, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Kada a ba shi asfirin ko kaɗan, ibufurofen ma a dakata da shi, domin duka biyun suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol ne ya dace, shi ma gara ma'aikacin lafiya ya fara ganin yaron.

Yaushe ne ba a jira? Idan ya suma, ko da na daƙiƙa kaɗan ne. Idan ya kasa tuna abin da ya faru, ko yana maimaita tambaya ɗaya. Amai, musamman in ya sake. Ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa, gyangyaɗi da wuyar tashi, jijjiga, tangaɗi, magana na harɗewa, gani biyu-biyu. Ruwa garai ko jini daga hanci ko kunne, wanda ba a toshe shi da auduga. Ɗigon tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma idan an haska tocila. Faɗowa daga abin da ya haura mita 1, ko bugun mota ko babur. Da kuma duk yaron da aka san jininsa ba ya saurin tsayawa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ba a jira su cika uku.

Wanda ba shi da ko ɗaya fa? Nan ne yawancin makarantu ke sakaci, kuma nan ne aikin ba ya cin ko sisi. Yaron ya zauna kusa da babba, ba a bayan aji ba, ba kuma shi kaɗai a ofis ba. Kowane minti 15 a awar farko, daga nan kowane rabin awa har a tashi, a yi masa tambayoyin da amsarsu ke nuna hankali: yaya sunan malamin ajinku, yau wace rana ce, me ka karya da shi. A sa shi ya taka layi miƙe. Ba ƙwallo, ba langa, ba kokawa a ranar, komai roƙonsa. Sannan kada a sake shi ya tafi gida shi kaɗai. A kira uba ko uwa, in ba a samu ba malami ya raka shi, ya miƙa takarda hannu da hannu: ƙarfe nawa ya bugu, a ina, da me, ya suma ko bai suma ba, me aka yi masa, da alamomin da za a lura da su cikin awa 48. A rubuta da Hausa, a kuma karanta wa wanda aka tarar a gida. Yaro ba zai faɗa da bakinsa ba, domin ya san in ya ce daga bishiya ya faɗo, wani dukan ke jiransa. Uwar da ba ta san an bugu ba, in ta ga amai da barci da yamma, maganin zazzaɓin cizon sauro za ta aika a sayo, a kwana a haka. Wanda ya sani kuwa zai bar yaron ya yi barcinsa, ba sai an hana shi ba, amma zai tashe shi sau ɗaya ko biyu cikin dare ya ga ya buɗe ido ya gane mutane.

Ko hoton kai da aka ɗauka a asibiti bai nuna komai ba, ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana iya barin yaro da ciwon kai, jiri, saurin fushi da mantuwa na mako biyu zuwa huɗu. Malami ya sani, kada ya ɗauka iskanci ne ya sa bulala. A rage masa aiki, kuma kada ya koma wasan da ake karo sai alamun sun gushe kuma ma'aikacin lafiya ya yarda, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi muni. Tun da mun ambaci bulala, bari mu faɗa ko za a ji haushi: ranƙwashi, buga kan yara biyu da juna, da jifa da dasta, buguwar kai ce ita ma, kuma a nan ne aka fi ɓoye wa iyaye gaskiya.

Duk wannan horon yini ɗaya ne, awa shida zuwa takwas, da maimaici kowace shekara domin hannu na mantuwa. Kowace makaranta ta samu aƙalla mutum biyu masu horo, mace da namiji inda ake haɗa ɗalibai, saboda in ɗaya ne tak, ranar da ya tafi karɓar albashi ko aka yi masa canjin wurin aiki shi ke nan. A haɗa da malamin wasanni, mai gadi, da uwar ɗakin kwanan ɗalibai, su ne ke wurin sa'ad da malaman aji suka tafi. Islamiyyu da tsangayu ma kada a bar su a baya. Masu koyarwa ba sa wuyar samu: ƙungiyar Red Cross tana da reshe a kowace jiha, ga ma'aikatan ƙananan asibitoci a mazaɓu, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ake gani a kowane taro. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kiwon lafiya a makarantu, wadda ta tanadi taimakon gaggawa, don haka ba sabon abu muke nema ba. Muna kira ga SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ma'aikatun ilimi da na lafiya na jiha su sa wannan horo cikin bitar malamai, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu kuma ta tabbatar duk wanda ta yaye ya taɓa ɗaura bandeji da hannunsa.

Akwatin taimakon gaggawa ba ya buƙatar kwangila. Safar hannu kwali ɗaya, gauz mai tsabta kamar 20, bandeji na naɗi 6, filasta, almakashi, sabulu, ƙaramar tocila da littafin rubuta abin da ya faru. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ko ƙungiyar iyaye da malamai za su iya. Abin da ke kashe akwatin shi ne kulle shi a ofishin hedimasta, shi kuma ya tafi da makulli sakatariyar ilimi.

Saura mota. Akwai lambar gaggawa ta 112, amma kada makaranta ta dogara da ita kaɗai. Tun kafin abu ya faru, hedimasta ya shirya da masu mota biyu a unguwa ko ƙauyen, a rubuta lambobinsu a bangon ofis tare da ta ma'aikacin asibiti mafi kusa. Yaron da ya suma ko ake shakkar wuyansa ba a ɗora shi a babur. A kwantar da shi kan katakon benci ko ƙyauren ƙofa, a tokare kansa da naɗaɗɗen zane dama da hagu, wani ya zauna yana riƙe da shi. Kemis ba wurin tsayawa ba ne, babban asibiti za a nufa kai tsaye. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya da na tarayya, amma aikin tiyatar ƙwaƙwalwa galibi sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kusan awa biyu daga Birnin Kebbi. Mai tasowa daga Zuru, Yauri ko Bagudo sai ya ƙara nasa awoyin a kai, ya kuma lissafa da wanda aka ɓata ana jiran a tashi makaranta.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu ma'aikatan jinya da masu koyar da taimakon gaggawa,
Birnin Kebbi.